Kuɗin taran ɗalibaina da shafin LaunchGood

Ranar Juma'a 8 ga Satumban 2023, ƙarfe 11 da minti 11 na dare, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin duwatsun Atlas na Maroko. A lokacin agogonmu da nasu ɗaya ne, don haka ina kwance ina barci a Kano lokacin da Autanmu ya fito tsakiyar titi ba takalmi a birnin Marrakesh, inda yake karatu a jami'ar da aka sa wa sunan Alƙali Iyal. Sai da na tashi sallar asuba na tarar da kiransa har bakwai a waya. Da na kira shi, abin da ya fara cewa shi ne, "Yaya, lafiyata ƙalau, ki gaya wa Hajiya kafin ta ji a rediyo." A fili suka kwana, shi da dubban mutane, kowa yana tsoron komawa ƙarƙashin rufi. Ya ce amma na birni mai sauƙi ne, ɓarnar tana can ƙauyukan kan dutse.

Haka kuwa aka yi. Girgizar mai ƙarfin maki 6.8 ta taso daga yankin Ighil, wajen kilomita 70 kudu maso yamma da Marrakesh, ta hallaka mutum kusan 3,000, akasarinsu a lardunan Al Haouz da Taroudant. Rabon Maroko da irin wannan rashi tun girgizar Agadir ta 1960. Gidajen ƙauyukan ginin ƙasa ne da dutse, mai sanyi da bazara, mai ɗumi da hunturu, amma ba ya jure jijjiga. Ni malamar lissafi ce a wata sakandaren 'yan mata a cikin birni, don haka adadin da ya tsaya mini a rai shi ne wanda ma'aikatar iliminsu ta fitar: makarantu 530 da gidajen kwanan ɗalibai 55 sun lalace.

Auta ne ya fahimtar da ni nauyin waɗannan gidaje 55. A kan duwatsun, firamare tana cikin ƙauye, amma sakandare sai an gangaro garuruwa irin su Asni da Amizmiz, tafiyar da yarinya ba za ta iya yi kullum ba. Shi ya sa ake gina musu gidan kwana kusa da makaranta, suna ce masa dar taliba. In gidan ya rushe, karatun yarinyar ya tsaya ko da ajinta yana tsaye. Wannan kuwa ba sai an yi mini dogon bayani ba. Shekarata goma sha huɗu ina koyarwa, na san yarinyar da ta zauna a gida zango ɗaya da wuya ta dawo. Kafin a ankara an ɗora mata talla ko aikin gida, ko an fara maganar sa rana.

Da na ba 'yan aji biyar labarin, monitarsu ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, to su yanzu a ina za su rubuta jarrabawa?" Daga wannan tambaya aka kai ga maganar karo-karo. Shugabar makaranta ta ba da izini bisa sharaɗin kada a tilasta wa kowa. Muka samo babban gwangwanin madara muka huda murfinsa, na ware littafi guda na rubuta duk abin da ya shigo. Lokacin ba a daɗe da cire tallafin man fetur ba, kuɗin adaidaita ya ninka, yara da yawa da ƙafa suke zuwa. Duk da haka naira hamsin da ɗari na kuɗin tara suka riƙa faɗawa cikin gwangwanin nan. Mai awarar bakin ƙofa ta ba da ɗari biyar. Hajiyarmu ta ba da dubu goma, ta ce Marrakesh, garin da aka binne mai Ashafa da mai Dala'ilu, ba baƙon gari ba ne a wurinta, balle mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya taɓa zuwa ziyara Fas. Cikin mako biyu, dab da Mauludi, muka ƙirga N214,650.

Ba kowa ya yarda da abin ba. Wani abokin aikina ya tare ni a ɗakin malamai ya ce, "Malama, so duk so ne, amma son kai ya fi. Ga 'yan aji ɗaya can a ƙasa suke zaune, ke kina tara wa Maroko?" Gaskiya ya faɗa, kuma ban yi masa musu ba. Abin da na ce masa shi ne, yaran nan kullum su ake ɗauka a hoto ana nema musu taimako, ina so ko sau ɗaya su ɗanɗani zama masu bayarwa. Muka yi alƙawarin gwangwanin zango mai zuwa na benci ne. An kuma cika alƙawarin.

Tara kuɗin bai ba ni wahala kamar aika shi ba. Na fara tunanin tura wa Auta, ya ƙi. Ya ce, "Yaya, kada ki ɗora mini wannan nauyi. Ni baƙo ne, mutanen ƙauyukan Tashalhit suke yi ba na ji, hanyoyin ma duwatsu sun toshe su. Abin da zan iya na yi, na bi layi na ba da jini." Gwamnatin Maroko ta buɗe asusu na musamman mai lamba 126 don karɓar gudummawa, kuma babu shakka a kan ingancinsa, amma babban tafki ne, ba zan iya nuna wa yarinyar da ta ba da naira hamsin inda ɗigonta ya sauka ba. Ga kuma cajin aika kuɗi waje ta banki, wanda zai ci kaso mai tsoka daga ɗan abin da muka tara. Sai kuma saƙonnin da suka cika WhatsApp, hoton yaro yana kuka da lambar asusun wani mutum a ƙasa. Waɗannan ko kallo na biyu ban yi musu ba. Da kuɗina ne da sauƙi, amma wannan amanar yara ce. Wani abokin karatun Auta ne ya ce a duba LaunchGood.

LaunchGood shafin intanet ne na tara gudummawa wanda wasu matasan Musulmi suka kafa a birnin Detroit na Amurka a 2013. Shi kansa ba ya kafa tanti ko raba bargo. Kamar kasuwa yake, ya share fili, ƙungiyoyi da ɗaiɗaikun mutane su buɗe gidauniya a ciki, masu bayarwa su zagaya su zaɓa. Kowace gidauniya tana da shafinta: abin da ake nema, abin da aka samu zuwa yanzu, mutum nawa suka bayar, kwana nawa suka rage a rufe, da sunan wanda kuɗin zai shiga hannunsa. Masu shafin suna tantance gidauniya kafin ta fito, kuma wasu suna ɗauke da alamar cewa an duba sun cancanci karɓar zakka. Namu sadaka ne, wannan alamar ba ta shafe mu ba, amma ga ɗan kasuwar da yake son fitar da zakkarsa abu ne mai amfani ƙwarai.

Dare uku na yi ina zaɓe, kuma a nan ne na fi jin daɗin shafin. Gidauniyoyin Maroko sun yi yawa a lokacin, na abinci, na tantuna, na barguna, na marayu. Na makaranta kaɗan ne, domin a makon farko kowa ta ciki da makwanci yake yi, kuma ba laifi ba ne. Da yake duk a wuri ɗaya suke, kuma tsarin shafukansu iri ɗaya ne, sai na riƙa jera su ina gwadawa kamar yadda nake gwada takardun jarrabawa. Wata ta cika shafinta da ayoyi da hotunan da na riga na gani a kafofin labarai, amma ba ta faɗi ƙauye ko ɗaya da za ta je ba. Na wuce ta. Wata ta yi alƙawarin sake gina makarantu goma da kuɗin da ko a nan bai gina aji biyu ba. Ita ma na wuce ta.

Wadda na tsaya a kanta ta wata ƙungiya ce mai rajista a Ingila, tana aiki tare da wata ƙaramar ƙungiyar 'yan asalin Al Haouz. Abin da take nema ƙayyadadde ne: manyan tantunan da za a yi aji a ciki, allo, tabarmi, jakar makaranta da littattafai, da barguna ga ɗaliban makarantar wani ƙauye da ta zube. Ta rubuta lambar rajistarta a shafin. Hukumar da ke kula da ƙungiyoyin agaji a Ingila tana da rajista a buɗe a intanet, kowa zai iya sa lamba ya ga sunan ƙungiya da shekarar kafa ta da bayanin kuɗin da take shigarwa duk shekara. Na sa lambar, komai ya yi daidai. Na kuma sa Auta ya tambayi 'yan ajinsu 'yan yankin ko sun san ƙaramar ƙungiyar, aka samu wanda ya ce tun kafin girgizar suke raba kekuna da kayan sanyi ga 'yan makaranta. Wani abin da ya ja ni kuma shi ne hotunansu. Babu fuskar yaro ko ɗaya yana kuka. Bangon aji ne da ya tsage, da benci a ƙarƙashin ƙasa, da malami tsaye yana nuna filin da za a kafa tanti. Wanda ya san kare mutuncin wanda yake nema wa taimako, na fi sakin jiki da shi.

Ina so mai karatu ya riƙe wannan: tantancewar shafin ba ta ɗauke maka taka ba. Ta rage maka 'yan damfara, amma tsakanin ƙungiya mai ƙwazo da mai kasala, kai ne za ka zauna ka karanta.

Da na zo biya sai katina na naira ya ƙi. Sau uku ina gwadawa. Matsalar daga bankina take, domin tun 2022 bankunan ƙasar nan da dama suka rage abin da za a iya kashewa a waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, daga baya wasu suka rufe gaba ɗaya saboda ƙarancin dala. A 2025 ne wasu suka fara sake buɗewa. A lokacin dai dole na nemi mai asusun dala, sai na nufi Kantin Kwari wajen babban yayanmu da kuɗin a cikin leda, canji-canji, har da tsofaffin hamsin-hamsin da aka liƙe da salatif. Ya zazzage su a kan tebur ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malama, wannan kuɗin ya fi na cikin asusuna albarka." A Wapa a makon dala tana taɓa naira dubu, don haka abin namu ya kama wajen dala 215. Ya cika daga aljihunsa ya zama 230.

Da katinsa, biyan bai kai minti biyar ba, a kan waya, da sabis ɗin cikin kasuwa mai zuwa yana ɗaukewa. Ka rubuta adadi, ka zaɓi ko sunanka ya fito ko a ɓoye, ka sa bayanan kati. Akwai abu biyu da ya kamata mutum ya sani kafin ya danna. Na farko, kamfanonin da ke sarrafa biyan kuɗi da kati suna cire nasu, wajen kashi 3 cikin ɗari da wasu 'yan sulalla a kan kowane biya. Saboda waɗannan 'yan sulallan, ya fi kyau jama'a su haɗa kuɗinsu a biya sau ɗaya, maimakon kowa ya tura dala ɗaya-ɗaya. Na biyu, shafin yana da gurbin da yake neman ka ƙara masa wani abu don gudanar da aikinsa. Na ganin dama ne, kana iya ragewa ko ƙarawa ko ka bar shi babu, sai dai ka duba gurbin da idonka ka sa abin da ka yi niyya. Ni na ba su ɗan abu, domin wanda ya share fili ya cancanci a sa masa albarka, amma daga albashina na biya Yaya wannan, ban taɓa na yara ba.

Kafin in fita daga shagon rasit ya shigo imel. Wannan takarda ita ce dalilin da ya sa nake rubuta wannan sharhi. Na kai shagon kwamfuta aka buga mini, na karanta a taron safe, na liƙa a allon sanarwa kusa da shafin littafin da ke nuna jimillar abin da aka tara. Na buɗe shafin gidauniyar a wayata, yara suka yi layi suna ganin adadin ya ƙaru da namu, ga sunan da muka sa: ɗaliban wata makarantar 'yan mata a Kano. Mu nan mun saba a zagaya da kwano a masallaci ko a unguwa, a tara, daga nan shiru, wanda ya tambaya a ce ba shi da tawakkali. Sadaka don Allah ake yi, amma wanda aka damƙa wa ita bashi ne a kansa ya nuna inda ya kai. Shafin nan ya sauƙaƙa mini sauke wannan bashi, har abokin aikina mai maganar benci ya tsaya ya karanta rasit ɗin daga sama har ƙasa.

Ban ɓoye wa yaran ƙanƙantar abin ba. Dala 230 ba ta kai dirhami 2,500 ba, wato tallafin da gwamnatin Maroko ta yanka wa kowane gidan da abin ya shafa a wata ɗaya. Na sa su suka yi lissafin da kansu a aji, daga naira zuwa dala, daga dala zuwa dirhami. Ajin ya yi tsit da amsar ta fito. Sai na sa su raba jimillar abin da gidauniyar ta samu da yawan waɗanda suka bayar, suka ga akasarin mutanen nan, daga Malesiya zuwa Kanada, 'yan ƙananan kuɗi irin namu suka sa.

A makonnin farko labari ya riƙa zuwa ta shafin, duk wanda ya bayar ana sanar da shi. Ga motar kaya tana hawan dutse, ga tantuna an kafa, ga yara zaune a tabarma da sababbin jakunkuna. A daidai lokacin hukumomi sun kwashe ɗalibai wajen 6,000 daga yankin zuwa makarantun kwana a Marrakesh, ƙanana kuma suka ci gaba da karatu a tantuna a garuruwansu. Daga nan labarin ya fara ja baya. Ƙungiyar da muka ba wa ta yi wata huɗu cur ba ta ce uffan ba, daidai lokacin da dusar ƙanƙara take sauka a Atlas, lokacin da na fi son sanin halin da yaran suke ciki. Wannan shirun na ƙungiyar ne, domin ita ke da alhakin rubuta rahoto, shafin gurbi kawai ya ba ta. Sai da na aika musu imel sau biyu kafin amsa ta zo da ban haƙuri da hotuna, an mayar da ajin daga tanti zuwa kwantena mai taga da ƙofa.

A nan na ga iyakar irin wannan hanya, ko ta wane shafi aka bi. Gidauniya tana da kwanaki, tausayi ma yana da kwanaki, ita kuwa makaranta shekaru take buƙata. Kwana biyu bayan girgizar ambaliya ta share Derna a Libiya. Wata ɗaya bayan nan yaƙin Gaza ya ɓarke, hankalin duniya ya koma can, har da nawa. Shirin da Maroko ta tsara na sake gina yankin na dirhami biliyan 120 ne a cikin shekara biyar, kuma shekara guda bayan girgizar dubban iyalai suna nan cikin tantuna. Karo-karo yana sayen tanti da allo ya hana zango ya lalace, wannan kuma ba ƙaramin abu ba ne ga yarinyar da ake jira ta zauna a gida. Gina makaranta da biyan malami kuwa aikin hukuma ne. Shafin yana da tsarin da mutum zai sa a riƙa cire masa wani abu duk Juma'a, ko kullum a watan azumi, kuma ina ganin wannan ya fi dacewa da irin wannan doguwar buƙata ga wanda katinsa yake aiki.

Da Turanci na yi amfani da shafin, don haka wanda ba ya jin Turanci sai ya nemi mai karanta masa, musamman wurin zaɓen gidauniya, inda karatun yake da yawa. Ina fata wata rana a samu na Hausa, domin masu son bayarwa a cikinmu sun fi masu jin Turancin yawa nesa ba kusa ba.

In buƙatar ta unguwa ce, kamar bencinmu, ba ka buƙatar LaunchGood. Gwangwani da littafi da kafinta sun wadatar, kuma kana gani da idonka. Amma in abin ya faru a inda ƙafarka ba za ta je ba, kuma kuɗin jama'a ne a hannunka, ban ga hanyar da ta fi wannan kwantar da hankali ba cikin waɗanda na gwada. Ka tanadi mai katin da ke biya a waje tun kafin ka fara tarawa, ka ware dare biyu ko uku na karatu da bincike, ka buga rasit kowa ya gani, sannan kada ka ji nauyin rubuta wa ƙungiyar kana tambaya in ta yi shiru.

Monitar nan ta gama makaranta a 2025. Ranar da ta zo karɓar takardar shaidarta ta leƙo ɗakin malamai ta gaishe ni, ta ce, "Malama, yaran nan na Maroko kuwa sun koma aji?" Na nemo mata hoton ƙarshe da ƙungiyar ta aiko. Farar kwantena ce, dutse a bayanta da ƙanƙara a kansa, ƙofa a buɗe, ana hango allo. Rubutun saman allon na Larabci ne, amma lambobin irin namu ne, don da su ake rubutu a Maroko. Ta ja hoton da yatsu biyu har allon ya cika fuskar wayar, ta ɗan yi shiru tana motsa baki, sannan ta ce, "Malama, x ɗin 4 ne."